Jawabi a taron ƴan asalin jihar Kaduna mazauna Ingila kan karatun kimiyya da fasaha

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Mai girma shugaban taro, iyayenmu da suka riga mu zuwa wannan ƙasa, ƴan uwa maza da mata, ina godiya da wannan dama da kuka ba ni.

Jihar Kaduna ba ta rasa manyan makarantun kimiyya ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya tun 1962, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama tana can tun 1964, ga Kaduna Polytechnic a Tudun Wada, ga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru wadda ta fitar da ingantaccen irin masara da dawa da auduga da manomanmu ke shukawa. Abin da ke damuna shi ne yaron Rigasa ko Unguwar Sanusi da ke wucewa ta ƙofar waɗannan makarantu amma ba shi da hanyar shiga, domin tun a aji huɗu na sakandare aka yanke masa hukunci.

A wannan aji ne ake raba ɗalibai, kuma da yawa suna guje wa ajin kimiyya saboda tsoron lissafi, alhali ba su taɓa samun malamin da ya zauna ya fahimtar da su ba. Waɗanda suka daure kuma, a kan allo ake zana musu gwaje-gwaje, wasu ma ba sa taɓa kwalbar gwaji sai ranar jarrabawar WAEC.

Basira kuwa akwai ta. Duk wanda ya shiga Panteka, kasuwar maƙera da ke garin Kaduna, ya ga matashi yana narka tsohon alminiyam, yana zuba shi cikin yashin da ya danne ya fitar da siffa, tukunya ta fito sumul, ko kuma ya haɗa injin markaɗe daga ƙarafan da aka zubar. Da wannan yaro ya samu lissafi da zanen injiniya a kan abin da hannunsa ya riga ya iya, da masaƙun Kakuri da suka rufe sun samu masu tayar da su ko masu gina abin da zai maye gurbinsu. Marigayi Dakta Rilwanu Lukman ɗan Zariya ne, a nan Landan ya karanta aikin haƙar ma'adinai, kuma ya kai ga zama babban sakataren OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur.

Saboda haka ina roƙon ƙungiyarmu ta zaɓi makarantar gwamnati guda ɗaya, ta mata idan so samu ne, domin har yanzu iyayenmu mata suna neman likita mace a asibiti su rasa. Mu gyara ɗakin gwajinta, mu sa mata sola, mu ɗauki nauyin malamin lissafi mai koyarwa bayan an tashi. Likitoci da injiniyoyi da masu aikin kwamfuta da ke cikin wannan zaure kuma, kowa ya ware awa ɗaya a wata ya yi hira da ɗaliban ta waya, su ji da Hausa yadda aikinsa yake da darussan da suka kai shi can. Ina neman a kafa kwamitin wannan aiki kafin mu watse yau.

Allah Ya yi mana jagora. Wassalamu alaikum.