Zamanin da Zama Bishop Yake Nufin Kai Za a Fara Kamawa

Jama'a barkanmu da warhaka. Yau in aka naɗa bishop sai kaga ana ta murna har da anko, to a ƙarni na 2 da na 3, in aka tashi tsananta wa Kiristoci, wanda duk aka sa a gaban ikkilisiya shi sojan Roma ke fara nema.

Tsarin hawa uku ne. Bishop shi ne babba a gari, dattawa na taya shi koyarwa da shawara, sai dikinoni da ke riƙe da baiko suna kaiwa gwauraye da marayu da 'yan'uwan da ke kurkuku. Wanda yafi kowa nanata wannan tsari shi ne Ignatiyus bishop na Antakiya, kuma fa yana kan hanyar mutuwa ya rubuta. Zamanin sarki Tirajan aka kama shi, wajajen shekara ta 110, sojoji 10 suka tasa ƙeyarsa zuwa Roma za a jefa shi wa namun daji, a hanyar nan ya rubuta wasiƙu 7 yana ta cewa ku riƙe bishop ɗinku, kar a yi Jibin Ubangiji ba da saninsa ba, har ya roƙi Kiristocin Roma kar wanda ya sa baki a sake shi. Abin na taɓa ni gaskiya. Mutum ga mutuwa a gabansa amma damuwarsa kar jama'a su watse a bayansa, tunda a lokacin akwai masu koyar da cewa Almasihu bai sha wahala a jiki da gaske ba.

Romawa ma sun gane inda ƙarfin yake. A 250 zamanin sarki Desiyus, Fabiyan bishop na Roma ya mutu a tsananin da aka yi wa Kiristoci, aka fi shekara ba a naɗa wani ba. A 258 kuwa sarki Baleriyan ya fito ƙarara, bishop ko dattijo ko dikin in an kama a kashe nan take. Ranar 6 ga Agusta sojoji suka ritsa Sikistus na 2, bishop na Roma, da mutanensa a maƙabarta suna sujada, aka kashe shi, bayan kwana 4 dikin ɗinsa Lawrens ya bi.

Sai Sifiriyan bishop na Kartaj, a Tunisiya ta yanzu. Shi a 250 ɓuya yayi yana jagorancin mutanensa ta wasiƙa, ya sha surutu sosai a kai. Amma da aka zo kansa a 258 bai gudu ba, alƙali yace ya yi wa allolin Roma hadaya yace ba zai yi ba, ranar 14 ga Satumba aka sare masa kai a gaban jama'arsa.