Damuwar Majinyaci da Gajiyar Nas: Abin da Ba Ya Shiga Folda

Assalamu alaikum. Idan aka ba mutum gado a asibiti a nan Kaduna, ko a Barau Dikko ne, ko a Yusuf Dantsoho da ke Tudun Wada, za a auna zafin jikinsa, a auna jini, a rubuta komai a folda. Halin da zuciyarsa take ciki kuwa ba kasafai yake shiga foldar ba, alhali yana da hannu a warkewarsa.

A ɗauki magidanci ɗan kasuwa daga Rigasa. Shagonsa a rufe, kullum sai an miƙo sabuwar takardar magani. Daren jiya ya ga an ja labule a gadon da ke kusa da shi, da safe ya ga an sauya zanin gado. An ɗebi jininsa, babu wanda ya gaya masa me aka gani. 'Yan dubiya na shigowa suna cewa "Ya jiki?", yana amsawa "Da sauƙi, alhamdulillahi", amma rabonsa da barcin kirki tun ranar da aka kwantar da shi.

Fargaba idan ta daɗe, jiki yakan yi ta fitar da wani sinadari mai suna kotisol. Yana ɗaga sukari, yana ɗaga jini, yana raunana garkuwar jiki. A shekarar 1995 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun yi wa wasu mata ɗan ƙaramin rauni a hannu, suka zuba ido. Matan da ke ɗawainiyar 'yan uwansu masu ciwon mantuwa, rauninsu ya ƙara kusan kwana 9 kafin ya warke a kan na sauran. Ku lura, waɗannan ma ba su ne marasa lafiyar ba, masu jinya ne, irin 'yar uwarmu da ke kwana kan tabarma a baranda.

Akwai kuma ruɗewar da kan kama tsofaffi bayan tiyata ko a cikin zazzaɓi mai zafi. Baba ya fara sambatu cikin dare, ya fizge ƙarin ruwa, ya kasa gane ɗansa. Nan da nan sai a ce iska ce. Sau da yawa ƙwayar cuta ce, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko wani magani da bai karɓe shi ba. A yi addu'a, amma a kira nas a take, kada a jira zagayen likita da safe.

To ita nas ɗin fa? A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wata irin gajiya da matsin aiki ke haifarwa, ta ba ta alamomi uku: ƙarewar kuzari, janye zuciya daga aikin, da jin cewa ba ka iya taɓuka komai. Ta biyun ita ce muke karo da ita. Ka ce "Sista, ruwan ya ƙare", ta amsa ko ɗago kai ba ta yi ba, ka ce ba ta da imani. Wataƙila tun yamma ita kaɗai ce a kan ɗaki guda, abokan aikinta sun tafi Ingila ko Saudiyya ba a cike gurbinsu ba. Wataƙila awa ɗaya da ta wuce yaro ya cika a hannunta, ta wanke hannu ta wuce gado na gaba.

Wannan ba uzuri ba ne ga mai wulaƙanta majinyaci, wulaƙanci laifi ne kowa ya yi shi. Sai dai abin zagayawa yake yi. Nas ta gaji ta rage bayani, majinyaci ya ƙara tsorata, dangi su ɗaga murya, ita kuma ta ƙara tsuke baki.

Wurin da ya fi sauƙin yanke wannan zagaye shi ne bayani. "Baba, wannan allurar ta kashe zafi ce, za ta ɗan sa ka jin barci." Magana ce ta daƙiƙa kaɗan, amma tana kwantar da hankali. Dangi kuma su wakilta mutum ɗaya ya riƙa magana da ma'aikata, maimakon kowa ya zo da tambaya iri ɗaya. Sauran nauyin na shugabannin asibiti ne: hutu na gaske bayan aikin dare, da zama da ma'aikata bayan rasuwar da ta girgiza su.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma haramta nuna wa masu irin wannan lalura bambanci. A nan Kaduna muna da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, kuma suna duba masu damuwa da fargaba da rashin barci. Majinyaci ne, mai jinya ce, ko nas, duk wanda ya kai mako biyu cikin ƙunci, abinci ya fita ransa, barci ya ƙaurace, ya je a duba shi. Wanda kuma ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.