Yau ni da goɗiyar nan mun tsallake santimita 80

Assalamu alaikum jama'a, mutanen Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Kalgo, duk inda kuke ina gaisuwa. Ku yi haƙuri da numfashina, yanzun nan na sauko, hannuna ma rawa yake shi ya sa wayar take girgiza, wallahi farin ciki ne. Kun hango sandar can mai ja da fari? Santimita 80 ce daga ƙasa, yau sau uku a jere muka tsallake ta ko kofato bai taɓa ba. Alhamdulillahi.

E, goɗiya na ce, na san wasu sun riga sun fara rubuta magana a ƙasa. Ranar da na fara zuwa bargar nan aka jawo min ita raina ya ɓaci sosai, don mu a gida ingarma ake hawa, wa ya taɓa ganin namiji ya fito hawan sallah bisa goɗiya? Nan Ingila kuwa makarantun hawa kusan duk goɗiyoyi ne da fiɗiyayyu. Ku dubi idonta dai, ku dubi yadda ta sauke kai tana jira in sassauta mata majayi. Yau ko an ba ni wani ba zan canza ba.

Abin da ya fi ƙona min rai a farko ba ma wannan ba ne. Ni fa tun ina shekara 7 Kawu yake ɗora ni kan akawal ɗinsa, wato baƙin dokinsa, mu fita kilisa da yamma, na yi sukuwa, na yi zamiya, na shiga hawa a gaban fadar Sarkin Gwandu ba sau ɗaya ba. Na zo nan na biya fam 45 na awa ɗaya, na ce wa malamar tsalle nake so in koya, ta kalle ni na yi zagaye biyu kawai ta ce zamanka a sirdi da kyau kuma ba ka da tsoro, amma hannunka ya yi nauyi, ba za ka tsallake komai ba sai ka gyara shi. Wata uku jama'a. Wata uku ina zagaye filin rairayin nan.

Bari in juya kyamara ku gani. Faɗinsa mita 20, tsawo 40, ga haruffa nan manne a gefe, A, K, E, H, C har su zagayo. Sai ta ce daga A ka yi da'ira mai mita 20, a E ka koma tafiya, a C ka koma sassarfa, ka tsaya, ka sake tashi. Kullum. Kuma duk wannan da ƙafa da zama ake son ka faɗa wa dokin, hannu na ƙarshe ne. Ga linzamin nasu ku gani kusa, ɗan ƙarfe ne sumul mai gaɓa a tsakiya, babu harshen nan da zobe irin namu da in ka fizga doki zai zauna kan cinyoyinsa ko yana so ko ba ya so. Ranar da na riƙe wannan ƙarfen a tafin hannuna sai da na yi shiru, don na tuna wata sallah da muka dawo daga hawa, ina cire wa akawal linzami na ga kumfar bakinsa ta yi ja da jini, ni na yi masa haka da hannuna wajen jahi, ina ta jin daɗi mutane na kirari. Kawu ya dube ni ya ce "yaro, mi kaka yi ma bakin doki haka?" Lokacin ban gane ba. Sai nan cikin sanyin Turawa na gane, Allah ya jiƙan Kawu.

Kada wani ya ce na raina hawanmu. Wallahi ko kaɗan. Na nuna wa malamar bidiyon hawan Argungu, ta ga mutum da rawani da alkyabba, hannu ɗaya da mashi, ga bindiga na tashi ga tambari ga dubban mutane, doki bai firgita ba, sai da ta ce in sake kunna mata. Dokinsu na nan leda ta tashi a iska sai ya yi gefe da kai. Da a ce jarumtar dawakinmu za ta haɗu da laushin hannun nan, ai magana ta ƙare.

To yadda nake yi yanzu, kwana shida a sati nake zuwa, kuɗin ba zai yiwu ba shi ya sa nake sammako in taya su kwashe kashi da zuba ciyawa su rage min. Tsalle kuma sau biyu kacal a sati, sauran kwanakin duk aikin ƙasa ne. Da sanduna a kwance muka fara, goɗiyar tana taka tsakaninsu a sassarfa, daga nan aka gicciye biyu, sannan aka miƙe ɗaya. Kana tunkarar sanda kana ƙirga taku a ranka, takun ƙaramar sukuwa wajen mita 3 da rabi ne, ka danna dunduniya ƙasa, ka ɗaga daga sirdi kaɗan, ka miƙa hannu gaba ka sakar mata wuya, idonka can gaba kar ka kalli sandar. Wannan sakin hannun shi ne duk wahalar wata ukun. In ka riƙe masa baki yana cikin tsalle doki zai buge sanda da ƙafar baya, a gasa laifi 4 kenan aka rubuta maka, kuma gobe ba zai yarda ya tashi da kai ba. Na manyan gasa irin Olamfik sandarsu tana kai mita 1.60, ninki biyu na tawa kenan, in sha Allahu dai muna tafe.

Ranar Laraba ce ba na so, ranar ake cire likkafa. Sati na biyu na faɗo a kwanar can, kaina ya bugi katakon gefe, ku ga tsagin a tsohuwar hular kwanona, fam 60 na sake biya na sabuwa ban yi ƙorafi ba. Don haka ƙanena, na san kana kallo, da ku samarin unguwa, don Allah kar ku ga bidiyon nan ku je ku jera benci ko turmi ku ce za ku tsallake. Sirdinmu gabansa da tsayi, in doki ya dira cikinka zai daka. Ƙasar rani kuma ta yi tauri, jijiyar ƙafar doki za ku kashe. In kun matsu ku nemi wuri mai rairayi, ku kwantar da gora ko kara a ƙasa, ku yi ta bi ta kai a hankali kuna sassauta hannu, ku yi wata guda a haka tukuna, kuma ku nemo hular kwano ko ta mashin ce ta fi hula zanna.

Kai, ku dubi sama, ƙarfe 4 bai cika ba har duhu ya fara, sun kunna fitilun fili. Yanzu a gida da an kai wa dawaki harawa da dusa, ana jiƙa kanwa, ƙamshin nan nake nema a bargar nan ban samu ba. Bari in goge mata gumi in yafa mata bargonta, e bargo suke sa musu da hunturu, in ba ta karas ɗin da na ɓoye mata a aljihu, bas ɗin 4 da rabi ba ya jiran kowa. Ku gaishe min da Inna.