An kai ta kujerar gaba kyauta, an tashe ta a gaban jama'a

Nasiru: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Birnin Kebbi. Nasiru ne, tare da Barista Luba, da kuma Kawu Manu, wanda ya yi shekaru yana yankar wa mutane tikitin jirgi kafin ciwon gwiwa ya zaunar da shi. Kawu, ina gajiya?

Kawu Manu: Ba gajiya. Kuma ka daina ɗora ma gwiwata laifi, waya ta zaunar da mu. Kowa yanzu shina sayen tikitinshi kwance bisa gado.

Luba: Ga shi nan kuwa, ba a fara ba an fara.

Nasiru: To, saƙo muka samu daga wata malamar makaranta a Argungu, ta ce a sakaya sunanta. Ta je taro Abuja, za ta dawo ta filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, tikitinta na ikonomi ne, wato kujerun baya masu sauƙin kuɗi. Ana layin shiga, sai ma'aikacin da ke bakin ƙofa ya karɓi takardarta, ya soke lambar kujerar da biro, ya rubuta 2A, ya ce Hajiya yau ke ta gaba ce. Ta shiga ta zauna a bizines, ajin gaba mai tsada, aka kawo mata lemo, har ta ɗauki hoto ta tura wa 'yan gidansu a WhatsApp. Ana daf da rufe ƙofa sai ga wani bawan Allah ya shigo, wani na riƙe masa jaka. Ma'aikaciyar jirgi ta zo kanta ta ce, da murya sama, Hajiya nan ba wurinki ba ne, ki koma baya.

Luba: Subhanallahi.

Nasiru: Saura ma. Ta koma baya ta tarar an ba wani kujerarta ta asali. Ta tsaya a tsakiyar jirgi rungume da jaka, har aka samo mata wata can ƙurya kusa da bayi. Ta ce a jirgin akwai iyayen ɗalibanta, akwai abokin aikin maigidanta. Tambayarta ɗaya: tana da haƙƙin da za ta nema ko babu?

Kawu Manu: Kafin Barista ta buɗe littafi, bari in faɗa muku mi ya sa anka kai ta gaba tun farko, don ba don farin jininta ba ne. Kamfanin jirgi shina sayar da tikiti fiye da kujerun da ke baya, don sun san kullum akwai waɗanda ba su zuwa. Ranar da kowa ya zo, baya ta cika ta batse, gaba kuma ga kujeru babu kowa. Da a bar mutum ƙasa a biya shi diyya, gara a ɗauki wani a kai gaba. Galibi masu katin yawan tafiya ake fara dubawa. In babu, wanda ke bakin ƙofa ya duba wanda ya kwanta mai a rai. Ka ji abin da ya sa kujerarta ta baya ba ta jira ta ba. Don a ba wani ita anka ɗauke ta.

Nasiru: Wato taimakon kansu suka yi, ba nata ba.

Kawu Manu: Kansu sunka taimaka, ita ta ci albarkaci. Wani lokaci ma, a ƙananan jirage, don daidaita nauyi ake sauya ma mutane wuri. Jirgi ba ya son nauyi ya taru wuri guda.

Nasiru: To me zai sa a tashe ta bayan ta zauna?

Kawu Manu: Abubuwa da yawa. Mai kujerar ya makara, anka ɗauka ba ya zuwa, sai ga shi. Ko kujerar ta lalace, bel ɗinta ba ya kamawa. Ko akwai matuƙi da kamfani ke son kaiwa wani gari ya kama aiki. Amma wanga labari, da na ji biro, na gane inda gizo ke saƙa. Ba a sauya komai cikin kwamfuta ba. A wurin kamfani, malama tana nan kujerarta ta baya, 2A kuma na mai ita. Da an yi abin bisa ƙa'ida, sabuwar takarda za a buga mata.

Luba: Kawu ya rage mini aiki. Abin da zan faɗa ba zai yi wa malama daɗi ba, amma gara ta ji shi daga gare mu. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, tana da ƙa'idoji, waɗanda aka sabunta a 2023, kuma sashe na 19 ya shafi kare haƙƙin fasinja. Ya ce idan kamfani da kansa ya kai ka aji na sama, ba zai nemi ka ƙara ko sisi ba. Idan kuma ya mayar da kai ajin da ke ƙasa da wanda ka saya, zai biya ka bambancin kuɗin, ya ƙara maka kashi 30 cikin 100 na kuɗin tikiti a tafiyar cikin gida, kashi 50 a tafiyar ƙasashen waje. Amma ku lura, ma'aunin shi ne abin da ka saya. Malama ikonomi ta saya, a ikonomi ta sauka Ambursa. Ta wannan fuskar ba ta bin su bashi.

Nasiru: Anti Luba, ko a Turai haka ne? Don mu nan an saba cewa can ba a wasa da fasinja.

Luba: Can ma haka ne. Dokarsu mai lamba 261 ta 2004 ta ce a mayar wa fasinja kashi 30, ko 50, ko 75, gwargwadon nisan tafiya, cikin kwana 7. Amma ita ma wanda aka saukar daga ajin da ya saya take nufi. Inda labari zai sauya shi ne idan da malama ta biya wani abu a kantar kamfanin domin a ɗaga ta, ko an cire mata maki daga katinta. Nan ciniki ne, dole a mayar mata.

Nasiru: Ni fa ban gamsu ba. Tun muna makarantar allo muke jin hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa mai komawa kan kyautarsa kamar kare ne da ya yi amai ya dawo yana lashewa. Kuma a Risala an ce kyauta tana cika ne da zarar wanda aka ba ya karɓa ya riƙe. Wannan baiwar Allah ta zauna, ta ɗaura bel, ta sha lemo. Wane riƙo ya wuce wannan?

Kawu Manu: Ka ga ɗan zamani, ya tashi da hujja.

Luba: Hujja ce mai kyau, amma Nasiru, sai ka fara mallakar abu kafin ka kyautar da shi. Idan wancan mutumin ya riga ya biya kuɗin 2A, to ma'aikacin ƙofa ya yi kyauta ne da kayan wani. Fatawa ta malamai ce, amma ko a hankalce, ba ka bayar da abin da ka riga ka sayar.

Nasiru: Idan ya biya. Wa ya ce ya biya?

Kawu Manu: Yauwa. Nan ne nike tare da kai, ɗana. Mu da munka yi wanga aiki mun san ana yi. A buga waya a ce mai girma wane shina hanya, a riƙe mai wuri. Wani tikitin baya gare shi, amma ba a iya kai shi baya, sai a duba fuskar da ba a sani ba a tashe ta. Ba ni cewa haka anka yi ma malama, don mai yiwuwa mutumin kuɗinshi ya biya, kuma in ya biya, ba ya da laifi ko kaɗan. Amma in kyauta ce anka karɓe daga hannunta anka miƙa ma wani don ya fi ta rawani, to wannan rashin adalci ne ko doka ta yi shiru.

Luba: Kuma tana da damar tambaya. Wannan shi ne abin da mutanenmu ba su yi. Cikin ladabi ta ce, don Allah mene ne dalili, kuma wace kujera kuka tanadar mini kafin in tashi? Ba ta tashi ta fara yawo da jaka ba. Su ne suka bayar da kujerarta, su za su nemo mata wata tukuna.

Nasiru: To da ta ƙi tashi fa gaba ɗaya? Ni da ni ne, wallahi sai dai a ɗauke ni da kujerar.

Luba: Da kuwa an ɗauke ka, ba tare da kujerar ba. A cikin jirgi kyaftin ne mai magana ta ƙarshe, tun yarjejeniyar Tokiyo ta 1963 aka ba shi ikon sauke duk wanda ke barazana ga tsari da lafiyar tafiya, ma'aikatan kuma da yawunsa suke magana. Kana ƙin bin umarni, maganar kujera ta mutu, an koma maganar tayar da hankali. Kun tuna abin da ya faru a Amurka a watan Afrilun 2017, da aka jawo wani likita, David Dao, a ƙasa daga jirgin United a Shikago, fuska duk jini, don a samar wa ma'aikatan kamfani wuri? Shi fa kuɗinsa ya biya, kuma daga jirgin aka fitar da shi ɗungurungum. Duniya ta yi ca, kamfanin ya sasanta da shi, a 2018 kuma Amurka ta yi dokar hana sauke fasinjan da ya riga ya shiga sai da dalilin tsaro ko lafiya. To ka ga wanda ya biya ma sai da ya sha wuya kafin gaskiyarsa ta fito, balle kai da biro aka rubuta maka.

Kawu Manu: Kuma in anka sauke ka, ka san abin da ke jiranka. Jirgin Birnin Kebbi ba kamar na Legas ba ne da wani ke tashi bayan awa guda. Sai ka kama hanyar Kontagora, Yawuri, Koko, Jega, yini guda cur kana girgiza, don tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba a sama.

Nasiru: Shi ke nan, na sauka daga kujerar.

Luba: Amma ni abin da ya tsaya mini a rai ba kujerar ba ce, kuma na tabbata ita ma ba ita ba ce. Awa ɗaya ce, ko a tsaye mutum zai jure. Kalmar nan ce, nan ba wurinki ba ne. Duk wanda ya ji zai ɗauka kutse ta yi, ta je ta zauna inda ba a kai ta ba. Kuma jirginmu na nan ba jirgin baƙi ba ne. Rabin mutanen ciki ka san su, sauran rabin sun san surukanka. Malamar makaranta ce, da safe za ta tsaya gaban 'ya'yan mutanen da suka ga an tashe ta.

Kawu Manu: Ɗiyata, kin taɓo wurin. Da ni ne shugaban ma'aikatan, durƙusawa zan yi kusa da ita in yi magana ƙasa-ƙasa. Hajiya, kuskure daga gare mu ne, mai kujerar ya iso, ga wuri mun tanadar miki, kawo jakar in riƙe. In raka ta, in aika mata da abincin gaba har can. Nawa wannan ya ci ma kamfani? Ko kwabo. Kuma da ba ta rubuto muna ba.

Nasiru: Ko kuma tun farko kada a ɗaga kowa sai an rufe kantar tantance fasinjoji an tabbatar mai kujera ba ya zuwa.

Kawu Manu: Haka ƙa'idar take. Gaggawa ce ta ma'aikacin ƙofa, shina son layi ya ƙare ya huta.

Nasiru: To Anti Luba, me za mu ce wa malama ta yi yanzu?

Luba: Ta rubuta wa kamfanin, a rubuce, ba ta waya ba. Ta sa ranar tafiya da lambar jirgi, ta haɗa da hoton takardar nan mai biro, har da hoton da ta tura wa 'yan gida, don yanzu ya zama shaida. Kada ta nemi kuɗin bizines, ba za ta samu ba, kuma zai raunana maganarta. Ta kafe kan abu biyu: an bayar da kujerarta aka bar ta a tsaye, an kuma yi mata magana a bainar jama'a kamar mai laifi. Ta nemi a ba ta haƙuri a rubuce. Idan ta biya kuɗin zaɓen kujerarta ta asali, a mayar mata da shi. In sun yi biris, NCAA na da sashen karɓar koken fasinjoji, ta kai can.

Nasiru: Kawu, kai fa, gobe a ce maka Alhaji yau kai na gaba ne, za ka karɓa?

Kawu Manu: Da hannu biyu. Amma sai na ce a buga mani sabuwar takarda, ta farko kuma tana aljihuna. Hoto kuwa, sai tayar jirgi ta bar ƙasa.

Luba: Kawu ma yana da waɗanda yake tura wa hoto ashe.

Kawu Manu: Gwaggonku mana. In ba ta gani ba, cewa take mota na shiga.

Nasiru: Malama, kin ji amsarki, ki rubuta takardar, in sun amsa ki sanar da mu. Saura kuma mu huta kaɗan, in mun dawo akwai saƙo daga Jega kan jakar da ta tafi Sakkwato ta bar mai ita a Ambursa.