Mazaɓar Nijar a Majalisar Dokokin Faransa: Su Wa Suka Kaɗa Ƙuri'a?

Tun da wani hoton Diori Hamani, shugaban ƙasar Nijar na farko, ya fara yawo a kafafen sada zumunta, jama'a ke cewa ai talakawan Nijar ne suka tura shi Paris a 1946. Zaɓe kam an yi, amma mafi yawan talakawa ba su ga akwati ba.

A 1945 an haɗa Nijar da Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, a mazaɓa guda, Fily Dabo Sissoko ya wakilci 'yan asalin yankin. A Nuwamba 1946 Nijar ta samu kujerarta, Diori, malamin makaranta kuma jigo a jam'iyyar PPN, ya lashe ta.

To, a nan ne ake samun ruɗani. Dokar Lamine Guèye ta Mayu 1946 ta mayar da mutanen yankunan mallaka 'yan ƙasar Faransa, sai dai ba ta miƙa wa kowa katin zaɓe ba. Sai wanda ya faɗa cikin wasu rukunoni: sarakuna, ma'aikatan gwamnati, tsofaffin sojoji, 'yan kasuwa masu lasisi, daga baya kuma wanda ya iya karatun Faransanci ko Larabci. Manomin gero da ke biyan haraji duk shekara a ƙauyukan Damagaram yana iya wuce rumfar zaɓe, amma sunansa ba ya cikin rajista. A 1951 aka ƙara magidanta masu biyan haraji da matan da suka haifi 'ya'ya biyu. A ganina, wannan sharaɗi kaɗai ya isa ya nuna yadda hukuma ke auna darajar mace a lokacin.

Ku dubi jerin sunayen waɗanda suka ci zaɓen. An ƙara kujera ta biyu a 1948, Georges Condat, haifaffen Maradi, ya same ta. A 1951 jam'iyyar UNIS, wadda ke da goyon bayan sarakuna da hukumar mulkin mallaka, ta kwashe kujerun biyu da Condat da Zodi Ikhia, Diori ya sha kaye. A Janairu 1956 ya dawo tare da Condat.

Dokar da ta ba kowane baligi ƙuri'a, namiji da mace, sai a Yuni 1956 ta zo, wata biyar bayan wancan zaɓe. Ba a sake zaɓen waɗannan kujeru ba, domin ƙuri'ar raba gardama ta Satumba 1958 ta sauya matsayin Nijar, mazaɓar kuma ta kau.