Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Gidan Marayun Birai na Dutsen Afi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Hakimai da 'yan majalisar da suka rufa wa Sarki baya, iyayenmu dattawan ƙasar Boki masu wannan daji, abokan aikina, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, barka da sauka, sannu da hanya. Duk wanda ya saki kwaltar Ikom zuwa Obudu ya kutso cikin dajin nan ya san Dutsen Afi ba wurin ratse ba ne, sai an ɗaura niyya ake zuwa. Abokan aikina sun ɗora mini wannan jawabi domin Sarki ya ji labarin wurin da harshen gida, kuma dukkanmu mun gode da wannan karamci.

Asalin aikin ya faro ne daga wasu Amurkawa biyu, Liza Gadsby da Peter Jenkins, waɗanda suka shigo Najeriya a 1988. A 1991 suka buɗe Drill Ranch a Kalaba ƙarƙashin ƙungiyarsu ta Pandrillus, don ceto birin diril, mai baƙar fuska, wanda babu shi a ko'ina a duniya sai Kuros Riba da kudu maso yammacin Kamaru da tsibirin Biyoko na ƙasar Ikwatoriyal Gini. Ana cikin haka sai marayun cimfanzi, babban birin nan marar wutsiya mai kama da mutum, suka yi ta isowa, ba kuwa yadda za a yi a mayar da su. Wurin nan na Afi reshen wancan aikin ne, kuma a shekarar 2000 gwamnatin jihar Kuros Riba ta keɓe wannan dutse, kimanin murabba'in kilomita 100, ya zama mafakar namun daji. Can sama har yau akwai goggon birin Kuros Riba, wanda ake ƙiyasin bai wuce 300 ba a duniya baki ɗaya.

Allah ya ba ka nasara, cimfanzin da ake kawo mana kusan duk labarinsu ɗaya ne. Uwar cimfanzi tana ɗaukar ciki wata 8, ta shayar da ɗanta shekara 4 zuwa 5, yana manne a cikinta, daga baya ya koma gadon bayanta. Ba ta ajiye shi, ba ta bayar da shi. Saboda haka duk wanda ya ga ɗan cimfanzi a hannun mutum, a kasuwa ko a tsakar gidan wani mai hali, to ya tabbata an harbe uwar, sau da yawa har da manyan da suka tsaya kare ta. Naman ya tafi tukunya, ɗan ya tafi kasuwa. Suna iso mana da shatin igiya a ƙugu, wani da harsashin bindigar toka a jiki, wani ya saba da shayi da biskit har bai san ɗanɗanon 'ya'yan itace ba. Abin da ya fi ci mana rai shi ne wanda zai raɓe a lungu ya rungume kansa da hannuwansa, yana ta jijjiga gaba da baya, ko kallon abinci ba ya yi.

Irin wannan sai an fara killace shi a Kalaba, likitan dabbobi ya duba shi, a ba shi madara, a sami mai ɗaukarsa dare da rana. Mu masu reno akwai alamar da muke jira, wato ranar da zai yi wasa. Idan aka yi masa cakulkuli a wuya ko a hamata ya wage baki, leɓen sama ya rufe haƙora, ya shiga wata dariya mai kama da haki, to a ranar muke cewa wannan zai rayu.

Su kuwa waɗanda suka warke suka zo nan, ga yadda yininsu yake. Gari na wayewa za ka ji kiransu. Ɗaya zai fara a hankali, ya yi ta ɗaga murya har ta zama ihu, sauran su amsa daga ko'ina, wani babban namiji ya ruga ya yi ta dukan saiwar bishiya da ƙafa da hannu, amon ya cika kwarin nan. Kowane yana da muryarsa. Tsofaffin ma'aikatanmu daga ɗaki suke faɗin wanda ya yi kira. Sai abinci: ayaba, gwanda, rake, gyaɗa, mangwaro idan lokacinsa ne, yawanci daga gonakin ƙauyukan da ke kewaye da mu ake saye. Wurin da suke zaune daji ne na ainihi da aka kewaye da waya mai lantarki, don haka sauran kiwon da kansu suke yi, ganye, ɓawon itace, ƙwari.

Idan rana ta take sai a zauna duban jiki. Wannan shi ne ya fi kama da zaman kitso: ɗaya ya miƙe, ɗaya ya sunkuya yana buɗa gashi da yatsu yana tsince datti, a shafe lokaci mai tsawo ba mai gaggawa. A nan ake ƙulla abota, a nan ake biyan bashin alheri, a nan mai neman shugabanci yake tara magoya baya. Don su ma suna da shugaba, kuma ƙarfi kaɗai ba ya zaunar da shi. Wanda ya cika zalunci sai a haɗe masa kai. Suna faɗa, ba na ɓoye wa Sarki ba, faɗa mai tayar da hankali. Amma a jima kaɗan za ka ga wanda aka kora ya dawo yana miƙa hannu, ɗayan ya taɓa shi ko ya rungume shi, a koma duban jiki.

Ƙanana kuwa ba su san hutun rana ba. Kokawa, alkafura, tsere a kewayen bishiya, lilo da hannu ɗaya, wani ya ja ƙafar ɗan'uwansa ya sako shi ƙasa. Wani zai yafa ganye a ka ya yi ta yawo, wani ya ɗauki guntun itace ya rungume yini guda. Babban namijin da zai iya karya hannun mutum, idan yana wasa da ƙarami sai ya sassauta, ya kwanta ya bar shi ya hau ruwan cikinsa yana duka. A cikin wasan nan maraya yake koyon abin da uwarsa ba ta rayu ta koya masa ba: wane reshe ne zai ɗauke shi, ina cizo yake zama laifi, wa ake rusuna wa. Da la'asar sakaliya kowa ya nemi reshe, ya lanƙwasa rassa ya saƙa shimfiɗar kwana, gobe kuma a saƙa sabuwa.

Baƙi kan tambaye mu me ya sa ba a sake su. Wanda ya tashi a hannun mutum ya daina tsoron mutum, zai tari maharbi da kansa. Na daji kuma ba sa karɓar baƙon namiji, kashe shi suke yi. Ga shi cimfanzi yana iya haura shekara 50 idan ya samu kulawa. Ke nan kowane jariri da aka raba da uwarsa, ciyarwar rabin ƙarni ce aka ɗora wa wuri irin wannan.

Nan ne muke da koke, ranka ya daɗe. Cimfanzin Najeriya da Kamaru shi ne mafi ƙaranci a cikin kashi huɗu na cimfanzin duniya, 'yan dubbai suka rage. Ɗaya daga cikin manyan matattararsu tana Arewa, a gandun dajin Gashaka Gumti da ke Taraba da Adamawa, wanda aka kafa a 1991, mafi girma a ƙasar nan. Akwai su kuma a dajin Ngel Nyaki a tsaunin Mambila. Na Gashaka an san su da fere tsinke su zura a rami su ciro zuma, su kuma kwashi tururuwa da shi. Dokar ƙasa ta kare namun daji ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta haramta kama su da cinikinsu. To amma akwai ƙauyen da takardar doka ba ta taɓa isa ba, alhali maganar Sarki tana isa kafin a kwana.

Muna roƙon Sarki ya umarci hakimai da dagatai da sarakunan kasuwa su sa ido. Wanda ya ga ɗan biri ana talla kada ya saya, ko da tausayi ne ya motsa shi, don kuɗin nan shi ke mayar da maharbi daji. Ya sanar da ma'aikatan gandun daji. Muna kuma roƙon a tuna wa limamai hadisin nan da Abu Dawuda ya ruwaito, inda sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa ta zo tana ta fuffuka, Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Idan wannan ya shiga huɗubar Juma'a, mun yi imani zai rage marayun da ake kawo mana.

Yanzu, da izinin Sarki, za mu taka zuwa bakin waya, lokacin abincin yamma ya kusa. Muna roƙon tawaga a tsaya bayan masu reno, kada a miƙa hannu, kada a jefa musu komai. Wanda ke fama da mura ya yi haƙuri ya dakata a nan rumfa, saboda murar da mutum zai yi kwana uku ya warke tana iya kashe su. Akwai kuma samarin cimfanzi biyu da ke jifa idan sun ga taron baƙi, don haka dogarai su riƙe laimar Sarki ta ɓangaren waya.

Allah ya saka da alheri, Allah ya mayar da Sarki fada lafiya. A bismillah, ranka ya daɗe.