Fitar da wasan kwaikwayo daga aji zuwa bakin kasuwa

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla.

Cikinku wa ya taɓa karanta Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi? Na ga hannaye. To wa ya taɓa ganin ana yin sa? Kun ji shiru. Mun mayar da shi abin hadda don jarrabawa, alhali a rediyo aka fara jin sa kafin ya zama littafi. Don kunnen talaka aka tsara shi.

Mu a Zariya ba mu da uzuri. A 1975 Michael Etherton ya fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, aka gina dandali na laka a Samaru mai siffar gidan Bahaushe. Duk da haka malaman ba su zauna jiran 'yan kallo ba. A 1977 suka kwashi ɗalibai zuwa Soba, suka yi Wasan Manoma a gaban manoman kansu. Kafin su ma, ai 'yan tashe da 'yan kama ba su taɓa neman zauren taro ba.

Sai dai kada ku ɗauka ɗaukar littafi za ku yi ku nufi tashar Kwangila ku hau karatu. Tasha ba aji ba ce. Da farko ku gaida masu wuri: mai unguwa, sarkin kasuwa, shugabannin direbobi. Wanda ya tsallake wannan, ko kalangu bai gama ɗaurewa ba za a kore shi. Lokacinku daga la'asar ne zuwa kiran magariba, saboda haka wasan awa biyu sai ya koma rabin awa. Nan ɗalibaina kan yi ta gardama, wai an yi wa marubuci ta'adi. Ni kuwa na ce barin littafinsa ga gara shi ne ta'adin.

Sannan babu labule, babu bayan fage. Jama'a za su kewaye ku, ko ina kuka juya wani kuka ba baya, ga hon ɗin masu Keke Napep. Dole murya ta fito daga ciki, dole jiki ya faɗi abin da kunne ya rasa.

Kuma za a tsoma muku baki. Wata rana a Tudun Wada, muna tsakiyar wurin da miji ke zazzaga wa matarsa masifa, sai wata dattijuwa mai fura ta ajiye ƙwaryarta ta shigo fili. Ta ce, "Kai yaro, ba ka da uwa ne?" Yaron ya daskare, ya juyo yana kallo na. Da zai rusuna ya ce, "Yi haƙuri, Baba, ke ma ji abin da ta yi mini," da ta zauna ta yi musu shari'a, da mun sami fitowar da babu ita a littafin. Tun daga ranar, a wajen gwaji nakan sa wani ya riƙa katse su ba shiri.

Na ga an miƙo mini takarda. To, a kawo tambayoyi.